Kan Kasar da Isaka Ya Ɗauka

Ranar da abin ya faru mu shida ne a gindin rumbun Arzika: ni, da Arzika mai rumbun, da matarshi Zali, da jikana Isaka ɗan ɗiyata, da abokanshi biyu, Bube da Hamadu. Na jera sunayensu ne don kada wani ya ce tsohuwa ta ƙara gishiri. A gabansu maciji matacce ya sari Isaka a hannun dama, hannun da zai rubuta jarrabawar ƙarshe da shi.

Sana'ata fidda maciji. Na daɗe ina yin ta, daga garinmu har gefen Bonkuku, wani lokaci har rugage wajen Sanam. In maciji ya shiga rumbu, ko rijiya, ko akurkin kaji, ko ƙarƙashin gadon mai jego, ni ake aika wa. Ku samarin yanzu kuna ganin abin sanda ce kawai da ƙarfin hali. To ku saurara.

Isaka a Yamai yake lekkol, makarantar boko. Da anka yi babban hutu uwarshi ta aiko mani shi, wai ya taya ni noma. Noman da ya yi kaɗan ne. Kullum da hantsi su uku suna gindin bedi, wato dogon-yaro, kai a sunkuye, kowa da wayarshi. Wani wasa suke yi wanda kowa ke ɗaukar mutum guda a cikin waya ya zama shi. Isaka mai takobi ne, Hamadu maharbi, Bube kuwa boka, shi ke warkar da su. Har cikin gari da sunayen nan suke kiran juna. Kwana da kwanaki suna fama da wani maciji da ya tare musu hanya cikin kogo. Sai ka ji Hamadu ya yi ihu, "Ya naɗe ni! Boka, ina kake?" Bube ya ce, "Ni ma dafin ya kama ni, ɗan banza, ja baya mana!"

Wata rana na ce a nuna mani. Isaka ya miƙo wayar yana dariya. "Matata, zo ki ga wanda ya fi ƙarfin gwafarki."

Na duba. Abu ne baƙi da kore, kauri kamar gangar giginya. In ya ɗaga kai rufin kogon yake taɓawa. Sai ya naɗe mutum ya matse har ka ji ƙashi na ƙara, kuma ya sare shi, wani ruwa kore na zuba daga haƙoran. A bisa kan kowa akwai jan zare. In zaren ya ƙare mutum ya faɗi. Bube ya danna wani wuri, zaren ya cika, mutum ya miƙe garau kamar ba shi ba.

Na ce, "Wanda ya zana wanga bai taɓa ganin maciji ba. Mai matsa mesa ce, ba ta da dafi. Mai dafi ba ya matsa, sara ɗaya yake yi ya ja baya ya jira ka. Allah bai haɗa wa ɗaya duka biyun ba, shi ya sa har yau da sauran mutane a ƙasarmu ta Kurfai."

Hamadu ya ce, "Inna, naku ai ƙanana ne. Wanga sa guda yake haɗiyewa."

"In kun kashe shi mi kuke yi?"

"Kan ake ɗauka," in ji Isaka. "Wanda ya riga kowa ɗauka shi ke da ladan. Da haƙorin ake ƙera wuƙa."

Na ji maganar na wuce ta. Na ɗauka zancen waya a waya zai tsaya.

Aikina na fari toka na ɗauka, ina ƴar yarinya ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba. Babana ke sana'ar, ba shi da ɗa namiji da ya rayu, sai ya ja ni. Damina biyu bai bar ni na taɓa gwafa ba. Da la'asar mu barbaɗa toka kewayen rumbu, da safe mu zo mu duba sawu. Kasa miƙe take tafiya, sawunta mai faɗi, kamar an ja taɓarya. Kububuwa a karkace take zuwa, tana barin zane gajeru gajeru. Kumurci lanƙwasa yake yi, dogo, kuma ka ga sauri a sawun. In na kasa faɗin sunan maciji daga sawu, ranar a gida nake wuni. Sau ɗaya na ce kasa alhali kububuwa ce, ya sa ni na zauna rana na dubi sawun har inuwa ta juya.

Gwafata ta magarya ce, tsawonta ya kawo mani haɓa. Bakinta tsukakke ne daidai wuyan maciji, don in ya yi faɗi kan zamewa yake ya juyo gare ka. Ƙugiyar ƙarfe ta babana ce, da ita ake jawo shi daga rami. Sai buhu mai kauri, sai ɗan guntun madubi. Madubin nan ya fi sauran duka aiki. Rami ba a leƙa shi da ido, rana ake juyawa ciki daga nesa. Wani mutum a hanyar Bonkuku, kajinshi na kwana da ƙwai su tashi babu, ya aiko mani, amma bai jira na iso ba. Ya durƙusa ya sa fuska a ƙofar akurki. Kumurci ya tofa mashi. Na tarar ana wanke mashi ido da nono. Na ce a kawo ruwa tulu guda a yi ta zubawa. Ido ɗaya ya dawo, ɗayan fari ya zama har ya mutu.

Mesa kuwa na san matsarta a jikin babana. A wata ruga ce wajen Sanam, ta haɗiye ɗan akuya ta shige ƙarƙashin dutse, Fulani sunka kira mu. Babana ya kama wuya, amma tsakiyar jikinta ta riga shi, ta hau hannu ta kai kafaɗa ta zagayo ƙirji. Babu wata ƙarar ƙashi irin ta wayarku. Shiru ake yi. Numfashi take jira, duk sanda ka fitar sai ta ƙara tsukewa. Da ƙyar ya ce, "Wutsiya, Hajo, daga wutsiya!" Na kama wutsiyar na yi ta warwarewa kamar igiyar guga, wani Bafillace na taya ni. Tun daga ranar ba ni zuwa wa mesa ni kaɗai, ko ƙarama ce.

Mugunyar shekara ita ce wadda ruwa ya yi yawa har ɓeraye sunka cika gonaki. Inda ɓera ya yi yawa kububuwa na biye. Lokacin babana ya rasu ya bar mani maganinshi: saiwa, da tsaga, da baƙin dutse da ake mannawa a bakin sara. Ta farko da kububuwa ta sara mata ce mai roron wake, anka kawo ta a kan jaki. Na ɗaure ƙafa, na tsaga, na manna dutse, na ba ta saiwa. Kwana biyu tana cin tuwo tana sa mani albarka. Ran na uku jini ya fara fita a dasashi, da hanci, da wurin da na tsaga, ya ƙi tsayawa. Bayanta an yi wasu, duk hanya ɗaya. Na ƙarshe na bi shi har likita, wato asibiti, a Filinge don in ga mi suke yi. Wani mazo, babban masu allura, ya dubi tsagar ya ce, "Wa ya yi wanga?" Na ce ni. Bai zage ni ba. Ya zaunar da ni ya nuna mani kwalbar da suke sakawa cikin ruwa a jijiya, sarum suke ce mata. Ya ce ɗauri ruɓar da nama yake, tsaga kuma ƙofa ce nake buɗe wa jini. Mutumin da na bi ya tashi. Daga ranar na zuba saiwar a murhu. Mutane sunka ce na ɓatar da gadon ubana, da yawa sunka koma wajen wani mai tofi. Fidda maciji dai ba su samu wanda ya fi ni ba, sai sunka dawo.

To, ranar Arzika. Gero ya nuna, kowa na gyaran rumbu kafin sabon hatsi ya shigo. Zali ta durƙusa tana share ƙarƙashin nasu, ta ji huci kamar an taka zuga-zugin maƙeri. Ta yar da tsintsiya ta zo gidana ba ko takalmi. Da la'asar na je na barbaɗa toka. Da safe na ga sawu miƙe, mai faɗi, ya shiga bai fito ba. Kasa ce, babba.

Ina ɗaukar kaya samarin nan sunka biyo ni. Na ce su koma. Isaka ya ce, "Haba matata, kogo guda munka gama jiya. Mun kashe macijin ciki. Bari mu ga naki."

Na ce, "Ku tsaya inda na ja layi da ƙafa. Wanda ya ƙetare shi zan fara bugawa, kafin macijin."

Na juya rana da madubi tsakanin duwatsun da rumbun ke bisa. Ga ta a naɗe, kai faɗi kamar tafin hannu, kauri ya kai damtsen Arzika. Kasa ba ta gudu, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Kwance take kamar ragguwa, amma saranta ido bai ganin shi. Na sa ƙugiya a tsakiyarta na jawo a hankali, tana huci, har ta fito fili. Na danne wuya da gwafa, na sa nauyina duka.

Arzika ke riƙe da adda, amma hannunshi na rawa, na ga zai sare mani gwafa. Isaka ya ce, "Kawu, kawo." Na dube shi, hannunshi tsaye yake. Na ce ya zo ta bayana, ya sara yatsa biyu bayan gwafa. Sara ɗaya ya yi, kan ya rabu. Gaskiya sara ne mai kyau. Hamadu ya yi kuwwa, "Mai takobi!" Zali ta rangaɗa guɗa.

A nan na yi kuskure. A sana'armu kai ake fara gamawa da shi. Ba a ɗaga gwafa sai an haƙa rami an tura shi ciki da sanda an rufe, don kan maciji bai san an yanke shi ba, yana iya sara har rana ta karkata. Amma gangar jikin ta yi ta birgima ta nufi ƙafar Zali, Zali ta ƙwala ƙara ta faɗi ƙasa. Na ɗaga gwafa na juya in ture jikin. Ban kai ga ture shi ba na ji gudu a bayana, da dariya.

"Nawa ne!" in ji Bube.

"Ƙarya kake, ni na sara! Hamadu, ɗauki hoto!"

Na ce, "Kada ku taɓa!" Isaka ya riga Bube. Ya ɗaga kan sama yana murmushi wa wayar Hamadu. Bakin ya buɗe ya rufe a kan yatsanshi manuni. Ya yarfa hannu, kan ya yi sama ya faɗa wani wuri cikin ciyawa.

Ya tsaya yana duban yatsan. "Kaka, ai ya mutu."

"Zauna," na ce. "Kada ka ƙara taku ɗaya."

Huda biyu ne, jini baƙi na tsattsafowa. Na zare mashi zobe da agogo tun hannun bai ƙi ba. Arzika ya rugo da robar taya zai ɗaure damtse. Na buge hannunshi.

"Inna, dafin zai hau zuciya!"

"In ka ɗaure, a Filinge yanke hannun za su yi. Je ka ɗaura jaki."

Na sa hannun bisa guntun itace na naɗe da ɗankwalina sako-sako don kada ya motsa. Na ɗauko gawayi daga murhun Zali na ja layi inda kumburi ya tsaya, a gindin yatsa. Bube na tsaye baki buɗe. Na ce, "Kai ne boka, ko? To bisimilla, danna mashi." Na ce, "In ba ka iya ba, ɗauko tulun ruwa ka hau amalanke."

Lokacin an hana hawan moto, wato babur, a yankinmu saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Amalanken jaki ne zai kai mu bakin kwalta, kuma hanyar yashi ce. Arzika na bugun jaki, ina riƙe da hannun a cinyata. Kafin mu wuce gonakin gari kumburi ya haye layin fari. Na ja na biyu a wuyan hannu. Isaka na cije baki, zufa na zuba. Ya so ya yi mani wasa, ya ce, "Matata, kada ki gaya wa Innata tukuna." Na ce, "Rufe baki ka numfasa." A tsakiyar hanya ya yi amai. Yatsan ya yi baƙi, ƙuraje masu ruwa sun fito a bayan hannu. Layi na uku a tsakiyar hannu na ja shi, ban bari ya gani ba.

Bube ya sunkuyo ya yi mani raɗa, "Inna, in ya kai kafaɗa fa?"

"Ka yi ta salati. Aikinka ke nan."

A bakin kwalta mota biyu sunka wuce ba su tsaya ba. Ta uku ta ƴan kasuwa ce ta fito daga Baleyara, cike da buhuna da awaki. Na shiga tsakiyar hanya na tsaya da gwafata. Direba ya taka birki yana zagi, ya leƙo ya ga hannun, ya daina. Wani dattijo ya sauka daga gaba ya ba mu wurinshi, shi ya hau bisa buhuna.

Rana ta karkata munka shiga likita. Abin da nake ta juyawa a hanya shi ne ko akwai kwalbar, don ba kullum ake samun ta ba. Wata mai allura, yarinya ce ba ta kai ɗiyata ba, ta ce, "Iya, wane iri ne?" Na ce kasa, kan da anka yanke ne ya sare shi. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Ni na danne ta." Ta dubi layukan gawayi ta tambaye ni lokacin kowane. Na gaya mata da inuwa, wanga hantsi, wanga rana tsaka, wanga azahar. Ta ce, "Ba ku ɗaure ba, ba ku tsaga ba?" Na ce a'a. Ta shiga ciki. Ta daɗe, ko ni ce na ga ta daɗe. Ta fito da kwalba a hannu.

Da anka sa mashi ruwan kumburi ya wuce gwiwar hannu. Lokotoro, wato dakta, ya zo ya danna farcen sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya yana duban ko jini zai dawo. Ya karɓi alƙalami ya ja nashi layin a damtse. Ya ce, "In bai wuce nan ba zuwa safe, hannun nashi ne. In ya wuce, za mu yi wata magana." Na kira uwar Isaka da wayar Bube na gaya mata yadda abin yake, ban rage komi ba, har ɗaga gwafar da na yi. Ta ce tana bisa hanya.

Gari na wayewa na ɗaga zanen da anka rufe shi da shi. Kumburin na nan a kan layin alƙalami, bai ƙetare ba. Lokotoro ya sake danna farce, huɗu sunka yi ja. Manunin bai yi ba. Ya ce gaɓa biyu za su tafi, sauran hannun ya tsira. Isaka ya buɗe ido ya ce, "Kaka, da wane zan riƙe alƙalami?" Na ce, "Da na tsakiya. Kana da wata takwas, ka koya."

Uwarshi na isowa na bar mata shi, ban tsaya cin abinci ba. Kan nan yana cikin ciyawar Arzika ba a bisne ba, kuma Zali na da ƴaƴa uku masu yawo ba takalmi. Ko ya bushe dafin na cikin haƙori. Na ja Bube munka hau motar farko, munka ƙarasa yashin da ƙafa. Na aika anka kira Hamadu. Na hana kowa shiga bayan rumbu, na yi ta buɗe ciyawa da ƙugiya taku bayan taku, har na same shi gindin dangar kara, tururuwa sun rufe shi, baki a buɗe.

Na ba Bube hauya na ce ya haƙa. Ya yi ɗan rami ya ɗago kai. Na ce, "Sa hannunka." Ya sa, ya kawo wuyan hannu. Na ce, "Kare zai tone wanga. Sai ya kai kafaɗa." Ya haƙa, Hamadu ya karɓa, har ya kai. Na miƙa wa Hamadu gwafata, wadda ban taɓa ba kowa ba. Ya tura kan a hankali daga nesa har ya faɗa ciki. Munka zuba toka, munka rufe, na sa sunka mirgino dutse sunka ɗora. Na hau bisa dutsen da ƙafa biyu na ji bai motsi. Sannan na ce wa Zali ta saki yara.